Binciken Kufai A Finafinai: Ilimi Ne Ko Wawaso?



Ya 'yan uwa masu karatu, akwai wani fanni na ilimi da Larabawa ke kira ilmul asar, wato binciken kufai da abin da mutanen farko suka bari a cikin ƙasa. Da yawa daga samarinmu ba su san wannan fanni ta bakin malami ba, sun san shi ne ta finafinan Amurka, alhali abin da finafinan ke koyarwa ya saɓa wa haƙiƙar al'amarin.

Mu dubi fim ɗin Raiders of the Lost Ark na 1981, wanda Steven Spielberg ya ba da umarninsa. Jarumin, Indiana Jones, malamin jami'a ne mai malafa da bulala. Tun a farkon fim ɗin ya kutsa wani tsohon ɗakin bauta a Kudancin Amurka, ya fizge gunkin zinariya, ginin ya rinƙa ruftawa a bayansa, bai auna komai ba, bai rubuta komai ba. Daga baya ya wuce Masar yana tsere da 'yan Nazi a kan akwatin alkawari na Banu Isra'ila. Fim ɗin The Mummy na 1999 ya bi wannan turba, ya ƙara da gawa mai tashi da la'ana. A irin waɗannan finafinai baƙo ne mai ilimi da jarumta, 'yan ƙasa kuwa galibinsu ko lebura mai diga, ko matsoraci, ko mayaudari.

To, yaya aikin yake a zahiri? Lokacin da Howard Carter ya gano kabarin Tutankhamun a Masar cikin Nuwamban 1922, sai da aka shafe kusan shekara 10 ana fitar da kaya sama da 5,000, ana ba su lamba, ana ɗaukar hotonsu a inda suke, ana rubuta siffarsu kafin a ɗaga. Misirawa ne suka yi mafi nauyin aikin, duk da ba a cika ambaton su ba. Batun la'ana kuwa camfi ne tsagwaronsa. Lord Carnarvon, wanda ya ɗauki nauyin tonon, ya mutu a 1923 bayan cizon sauro ya zame masa ciwo, shi kuwa Carter ya rayu har 1939.

Ɗalibin hadisi zai fahimci hikimar wannan haƙuri cikin sauƙi. Ruwayar da ba ta da isnadi ba a kafa hujja da ita, komai daɗin lafazinta. Haka nan tukunya ko ƙarfen da aka tono: isnadinsa shi ne zurfin da aka same shi, da irin ƙasar da ta rufe shi, da gawayi ko ƙashin da ke kusa da shi, waɗanda ake aunawa a san shekarunsu. Wanda ya fizge abu daga mazauninsa ya yanke masa isnadi, kuma ba a sake tona wuri ɗaya sau biyu.

Wani zai ce ai nishaɗi ne kawai, har ma ya sa wasu sun so karatun tarihi. Mun yarda da wannan, amma abin da ido ya saba gani zuciya takan daina ƙyamarsa, kuma wawason ba a fim kaɗai ya tsaya ba. A Afrilun 2003 an wawashe gidan tarihi na Bagadaza, dubban kayayyaki suka salwanta. A nan gida ma, kayan yumɓun Nok, waɗanda aka fara cin karo da su a 1928 wurin haƙar kuza a yankin da ke kudancin Jihar Kaduna a yau, sun sha haƙar ɓarayi a shekarun 1990, aka yi ta safarar su zuwa kasuwannin Turai. Talaka ya karɓi 'yan kuɗi kaɗan, dillali ya kwashi riba, mu kuwa muka yi asarar labarin mutanen da suka zauna a wannan ƙasa fiye da shekara 2,000 da suka wuce.

Nazarin abin da al'ummun da suka shuɗe suka bari ba girmama gumakansu ba ne, domin Alƙur'ani ya kwaɗaitar da tafiya a bayan ƙasa don ɗaukar izina daga ƙarshensu, kuma izina ba ta samuwa daga ramin da ɓarawo ya yamutsa. Saboda haka muna kira ga iyaye da malamai da su bayyana wa yara bambancin mai bincike da mai wawaso. Wanda kuma ya ci karo da tsohon abu a gonarsa, ya bar shi a wurinsa, ya sanar da hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa.

Allah Ya sa mu dace.