Runtse Ido: Kallon Farko Da Wanda Ke Biye Da Shi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Na daɗe ina son yin wannan rubutu, amma duk lokacin da na zauna sai in ji nauyi, domin nasiha ce da ta hau kaina kafin ta hau kan kowa. Abin da ya dasa ta a zuciyata wani ɗan al'amari ne da na gani a watan Maris na 2020, lokacin da aka yi bikin kamun kifi na Argungu bayan kimanin shekaru goma ba a yi ba. Biki ne mai tarihi. Ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934, wadda ta rufe babin tsohuwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ake alkintawa. Hukuncin bikin kansa na bar wa malamai. Maganata a yau a kan ido ce.

A hanyarmu ta komawa Birnin Kebbi na zauna a mota kusa da wani saurayi, yana ta nuna wa abokinsa hotunan da ya ɗauko a waya. Na ɗauka zan ga masunta da homa da gora suna rugawa cikin Matan Fada, ko giwan ruwan da aka ɗora a sikeli. Ashe mafi yawan abin da ya tara fuskokin 'yan mata ne da ya janyo kusa da kyamara daga cikin taro, ba tare da ko ɗayarsu ta sani ba. Na ce masa, "Ƙanena, waɗannan bayin Allah sun san ka ɗauke su?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai su suka fito. In ba sa so a kalle su, su zauna gida."

Wannan amsa ita ce ta dame ni, domin ba shi kaɗai ke ba da ita ba. Da yawanmu mun mayar da hukuncin kallo ya zama magana a kan mata kawai: me ta sa, me ya fito da ita, ina za ta. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ra'ayina, wanda nake ganin shi ne nassosi suka nuna, shi ne runtse ido farilla ce da ke wuyan mai idon, kuma cunkoson taro, ko shigar mace, ko allon waya, babu wanda ke sauke masa ita.

Mu fara daga tushe. A Suratun Nur, aya ta 30, Allah (SWT) ya umurci Manzonsa ya gaya wa muminai maza su runtse ganinsu, su tsare farjinsu, ya kuma bayyana cewa hakan ya fi tsarki a gare su. Sai a aya ta 31 aka juyo ga muminai mata da irin wannan umurni, aka ƙara musu da hukuncin ado da mayafi. A lura da jerin: da namiji aka fara, kuma ba a rataya umurninsa a kan cewa sai mace ta cika nata ba. Kowa da takardar jarrabawarsa. Malaman tafsiri sun kuma lura cewa an zo da harafin "min" a wajen maganar gani, wanda da yawansu suka ce yana nuna sashe, wato wani kallon aka hana, wani kuma aka bari. Musulunci bai ce mutum ya yi tafiya ido rufe ba. A Suratul Isra'i, aya ta 36, an gaya mana cewa ji da gani da zuciya duk za a tambayi mutum a kansu, a Suratu Gafir kuma, aya ta 19, an sanar da mu cewa Allah ya san satar kallo da abin da ƙiraza ke ɓoyewa.

Sunna ta zo ta fayyace iyakar. Imam Muslim ya ruwaito cewa Jarir ɗan Abdullahi (RA) ya tambayi Annabi (SAW) game da kallon ba-zata, sai ya umurce shi da ya kau da idonsa. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito gargaɗin da ya yi wa Sayyidina Aliyu (RA) cewa kada ya bi kallo da wani kallo, domin na farkon an yafe masa, na biyun kuwa ba shi da hakki a kansa. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa ido yana da nasa rabon na zina, shi ne kallo. Kallon farko da aka yafe shi ne wanda ya faɗo maka ba da nufi ba. Wanda ya kafa ido minti guda yana cewa ai har yanzu na farkon ne, kansa yake yaudara.

Wannan ba baƙon karatu ba ne a ƙasarmu. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure a Gwandu ko Jega ko Argungu ya ji shi tun a Ahalari, inda aka lissafa tsare ido daga haram cikin abubuwan da suka wajaba a kan baligi. A Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan hijira, an sa runtse ido cikin farillai, sannan aka ware wuraren da babu laifi: kallon farko da ba na ganganci ba, kallon tsohuwar da ta wuce a yi sha'awarta, kallon budurwa saboda uzuri irin na ba da shaida, da kallon mai neman aure. Malamai sun haɗa da likita mai duba mara lafiya, gwargwadon buƙata. A wajen mai neman aure, Muhtasar na Shehu Halil ya taƙaita abin ga fuska da tafuka, kuma da saninta. Ku duba wannan sharaɗi da kyau. Idan wanda ya zo da niyyar aure ma an so ya kalla da sanin yarinya, ina matsayin wanda ya laɓe cikin taro yana satar hotonta?

Akwai saɓani a tsakanin malamai game da fuska da tafukan mace. Mazhabar Malikiyya ba ta ɗauke su al'aura ba, wasu malaman Shafi'iyya da Hambaliyya kuwa sun tsananta. Amma dukkansu sun haɗu a kan cewa kallo don jin daɗi da sha'awa haramun ne, ko da fuska ce kaɗai. Haka hukuncin yake ga 'yan uwa mata: kallon namiji ajnabi da sha'awa bai halatta ba. In babu sha'awa, da yawan malamai sun sauƙaƙa, suna kafa hujja da yadda Nana A'isha (RA) ta kalli Habashawa suna wasa da masu a masallaci, Annabi (SAW) yana kāre ta da mayafinsa. Saboda haka 'yar uwa da ke kwana tana bin hotunan wani mawaƙi ko jarumin fim, ita ma ayar da ita take magana.

Yanzu mu koma ga amsar saurayin nan, cewa su zauna gida. Akwai hadisin da ya ishe mu a kan wannan. A Hajjin Bankwana, shekara ta 10 bayan hijira, Annabi (SAW) ya goya Fadlu ɗan Abbas (RA) a bayan abin hawansa. Wata mata daga ƙabilar Has'am ta zo tana tambaya ko za ta iya yi wa mahaifinta tsoho aikin hajji. Fadlu, yana saurayi, ya shiga kallonta, ita ma tana kallonsa. Annabi (SAW) ya juya fuskar Fadlu zuwa ɗaya gefen, ya kuma amsa wa matar tambayarta. Babban taro ne, kuma wanda aka juya wa fuska ɗan baffan Annabi ne. Matar ta tafi da amsarta, saurayin ya tafi da darasinsa.

Magabatanmu na wannan yanki sun fahimci haka. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa ke Gwandu, ya ba da labari a littafinsa Tazyinul Waraƙat cewa a zamanin da Shehu Usmanu ke yawon wa'azi, wani malami mai suna Mustafa Gwani ya aiko da waƙa yana neman Shehu ya hana mata zuwa wurin wa'azinsa saboda gudun cakuɗuwa. Shehu ya sa Malam Abdullahi ya mayar da amsa, kuma abin da amsar ta ƙunsa shi ne suna raba maza da mata a majalisinsu, kuma barin mata cikin jahilcin addininsu shi ne sharrin da ya fi girma. Daga wannan gida ne Nana Asma'u ta fito da tsarin 'yan taru na karantar da mata. Yau 'yan uwanmu mata suna karatu a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru, da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, da jami'ar jiha a Aliero. Cikinsu ne ake samun likitoci da ungozomomin da muke kukan rashinsu idan matanmu za su haihu. Wanda ke son mace ta duba matarsa a asibiti, wajibi ne ya bar wa ɗalibar hanya ta wuce lafiya.

Kada a fahimce ni a karkace. Sutura wajiba ce a kan mace, kuma wadda ta yi sakaci da ita za ta amsa tambayarta gaban Allah. Sai dai zunubinta ba ya zama lasisi gare ka. A ranar hisabi ba za a karɓi uzurin cewa gyalenta ƙarami ne ba, domin an gaya maka abin da za ka yi idan ka ci karo da irin wannan: ka kau da kai.

Sai batun majalisa. Duk unguwa a Birnin Kebbi akwai bencin da samari ke zama bayan la'asar, ko teburin mai shayi, ko inuwar 'yan kabu-kabu. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri (RA) cewa Annabi (SAW) ya gargaɗi sahabbai game da zama a bakin hanya. Da suka ce ba su da makawa, sai ya ce to su ba hanya hakkinta, ya lissafa runtse ido da kame cuta da amsa sallama da umurni da kyakkyawa da hani da mummuna. Runtse ido ne farko. Ku tambayi ƙannenku mata, za su gaya muku akwai layukan da suke zagayewa, ko da tafiyar ta ƙaru, don gudun idanun wata majalisa. Yarinyar da ta canza hanyar Islamiyya saboda ku, an cuce ta ko da ba wanda ya ce mata uffan.

Babbar jarrabawar zamaninmu kuwa tana cikin aljihu. Wasu na cewa hoto ba mutum ba ne. To, me ya sa aka hana kallon tun asali? Saboda abin da yake haifarwa a zuciya, kuma zuciya ba ta tambaya ko a titi aka gani ko a TikTok. Ibnul Ƙayyim, a littafinsa Adda'u Waddawa'u, ya bayyana yadda kallo ke haifar da tunani, tunani ya haifar da sha'awa, sha'awa ta zama niyya, niyya ta kai ga aiki. A da, mace za ta wuce ta sha kwana, kallo ya ƙare. A waya kuwa ana tsayar da ita, a janyo ta kusa, a ajiye, a tura wa abokai a WhatsApp. Abin da ya faɗo maka a Facebook ba da nemanka ba, shi ne kallon farko, kuma yatsanka ne zai kau da shi. Idan ka dawo da shi baya, ka shiga na biyu. Wanda ya ɗauki hoton 'yar mutane a ɓoye ya yaɗa, ya tara laifi uku: kallon haram, keta mutuncin Musulma, da kason duk wanda ya kalla ta dalilinsa. Na farko tsakaninsa da Allah ne, tuba na share shi. Na biyu hakkin baiwar Allah ne, kuma wadda ba ka san sunanta ba, ina za ka gan ta ka nemi yafiya?

Runtse ido kuma ba ya nufin wulaƙanta mace. Abokiyar karatu ta tambaye ka darasi, ka amsa mata da ladabi. Mai sayar da shinkafa ko kifi a kasuwa, ka yi ciniki da ita ka biya ta. Malama na koyarwa, ka saurara. Abin da aka hana shi ne ido ya zarce buƙata ya koma neman daɗi, kuma kowa ya san lokacin da nasa ya zarce.

Ga abin da nake yi wa kaina wasiyya da shi, nake kuma yi muku. Mu duba wayoyinmu a daren nan, mu goge hoton duk wadda ba ta ba mu izini ba. Mu daina bin shafukan da muka san me ke kai mu can. Mu bar kwana da waya a hannu mu kaɗai cikin duhu, domin rigakafi ya fi magani. Mu juya bencin majalisa ya bar fuskantar hanyar mata, ko mu tashi. Wanda ke da hali ya yi aure, wanda ba shi da shi ya riƙi azumi, kamar yadda Annabi (SAW) ya shawarci matasa a hadisin Ibn Mas'ud (RA). Iyaye kuma su sassauta kayan aure domin halal ta yi sauƙi. Wanda ya faɗi ya tashi ya yi istigfari ya sake ɗaura niyya, ko sau nawa ne, kada Shaiɗan ya sa shi yanke ƙauna.

Ban san inda saurayin nan yake a yau ba. Mun rabu a tasha, bai ce zai goge ba, ni ma ban matsa masa ba. Ina roƙon Allah ya shirye ni da shi da ku baki ɗaya, ya tsarkake idanunmu daga ha'inci, ya suturta 'yan uwanmu mata, ya azurta mu da ganin fuskarsa mai girma a Aljanna. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, wanda ya gani ya gyara mini.