Wasiƙa ga masu tuwo da masu shayi na Alaba Rago, kan mutumin da aka rage wa ciki



Iyayena mata masu tuwo da shinkafa, da 'yan'uwana masu shayi da masu tsire da masu fura na Alaba Rago da Okokomaiko da bakin titin Badagiri, sannunku da aiki. Yawancin mazan kasuwar nan iyalansu suna Arewa, tukunyarku ce gidansu: kalaci a teburin mai shayi, rana a rumfar Hajiya, dare wurin mai nama. Shi ya sa na ga ku ne ya kamata a fara yi wa wannan magana.

Akwai wani irin mai ciniki da ya fara zama a bencinku. Kun san shi da jiki, mai tashi da malmala uku. Sai ya ɓace wata ɗaya ko biyu, a ce ya tafi Indiya ko Masar ko Turkiyya, ko yana wani asibitin kuɗi a Victoria Island ko Lekki. Ya dawo, a ajiye masa kwanon da ya saba, ya yi loma uku ya tsame hannu. Tiyatar rage ƙiba aka yi masa. Ba su da yawa tukuna, domin aiki ne na miliyoyin naira, amma ciwon suga da hawan jini da ciwon gwiwa suna ta tura mutane can, maza da mata.

Wannan ba aikin zuƙe kitse ba ne, wanda jama'a ke tunawa da shi tun rasuwar Stella Obasanjo a Sifen a watan Oktoban 2005. Wancan kitsen ƙarƙashin fata ake taɓawa. Wannan kuwa tumbin da abinci ke sauka a ciki ake yankewa. A aikin da aka fi yi yanzu, ana cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin, a bar siririn bututu. A ɗayan, wanda likita Edward Mason ya fara a Iowa ta Amurka a shekarun 1960, ana ware 'yar jaka da ba ta wuce girman ƙwai ba, a haɗa ta da hanji kai tsaye. Ɓangaren da ake cirewa a aikin bututun shi ne ke fitar da yawancin sinadarin da ke sa mutum jin yunwa. Don haka in ya ce miki ya ƙoshi, Hajiya, ba kawaici yake yi ba, kuma ba miyarki ya raina ba. A watannin farko, abin da bai cika gwangwanin madara ba ya ishe shi zama guda.

A nan ne al'adarmu mai kyau take zama cuta. Mun tashi a kan cewa mai ciyarwa na gari shi ne mai matsa wa baƙo. "Haba Alhaji, ɗan wannan?" "Daure ka cinye, kada a yi almubazzaranci." "Ko bai yi daɗi ba ne a sake maka?" Mutumin kirki kuwa yana jin nauyin uwar ɗakin da ta shekara goma tana ciyar da shi, har bashi ta ɗaga masa lokacin da kasuwa ta tsaya. Sai ya ƙara loma biyu don ya faranta mata. Lomar nan ba ta da wurin zuwa. Za ta tsaya masa a ƙirji, yawu ya cika masa baki, ya zagaya bayan rumfa ya amayar. A makonnin farko ma abin ya fi haka hatsari, domin ɗinkin cikin bai gama kamawa ba. Ina roƙonku, in irin wannan mutum ya ture kwano, ku ɗauke ba tare da magana ba.

Komawarsa ga abinci hawa-hawa ce, kuma likitansa ne mai faɗin rana. Kusan mako biyu na farko ruwa-ruwa ne zalla: romon kaza ko na kifi da aka tace aka kwashe man da ke sama, da madara marar suga. Daga nan sai abin da aka niƙa ya yi sumul, sai mai taushi. Ba a komawa mai tauri sai wajen mako 6 zuwa 8.

Ko bayan ya koma, kwanonsa a juye yake. Mu mun saba da tudun tuwo ko shinkafa da tsoka ɗaya a sama. Shi kuwa likitoci na son ya samu furotin, abinci mai gina jiki, giram 60 zuwa 80 a rana, alhali ƙwai ɗaya bai wuce giram 6 ba. In bai samu ba, tsokar jikinsa ce za ta zube tare da kitsen. Tun da wuri ya yi kaɗan, mai gina jiki ne zai fara shiga, tuwo ya zo ƙarshe in da saura. Kuma duk kayan suna hannunku: alale, dafaffen ƙwai, kifin titus da aka cire wa ƙaya, kazar da ta dahu luguf, hanta, waken da ya narke, awara dafaffiya a miya maimakon soyayyiya, kindirmo ba suga. Miyar kuka da ta kuɓewa suna taimaka masa wajen haɗiya, in an sassauta man ja da barkonon nan na Ikko. Burodin Agege da taliya da shinkafa su ne suka fi tsaya wa irinsu, domin suna cuɗewa su dunƙule. Ku kuma masu nama, kilishi da balangu da dambun nama sun yi masa bushewa. Ya haƙura na wasu watanni, in ya fara a yanka masa siriri daga wuri mai laushi, ba kitse ba jijiya.

Malam mai shayi, naka aikin ya fi na kowa nauyi. Na ga wani dillalin raguna da bai daɗe da dawowa daga wannan aiki ba ya zauna aka haɗa masa shayi mai kauri kamar kullum, madara ta ji, suga cokali uku, da yankan burodi. Ba a yi rabin sa'a ba ya jiƙe sharkaf da gumi, hannunsa na rawa, ya dafe teburi yana cewa zuciyarsa za ta fito. Aka cire masa hula ana yi masa fifita da kwali, wani na tofa masa addu'a, wani na cewa jifa ne. Ba jifa ba ne. Zaƙin ne ya zarce zuwa hanji gaba ɗaya ba tare da tumbi ya riƙe shi ba, hanjin ya janyo ruwan jiki, sai jiri da bugun zuciya da murɗar ciki da gudawa. Wani kuma sai bayan sa'a ɗaya zuwa uku sugan jininsa ke faɗuwa. An fi ganin haka ga wanda aka yi wa 'yar jaka, amma ɗayan ma ba ya tsira. Fura mai suga da zoɓo mai zaƙi da kunun da aka cika wa suga duk hukuncinsu ɗaya. Lemon kwalba kuma, ban da zaƙin, iskar da ke ciki tana kumbura shi.

Kada kuma ku ajiye masa ruwa tare da abinci. Ana son ya bar kusan minti 30 tsakanin ci da sha. Amma a wuni yana bukatar lita ɗaya da rabi zuwa biyu, wato leda uku zuwa huɗu na fiya wata, kurɓi-kurɓi. Da zafin Ojo da tsayuwa cikin rana a turken dabbobi, bushewar jiki na cikin manyan abubuwan da ke mayar da su gadon asibiti.

Zai riƙa shan ƙwayoyin bitamin, musamman B12 da na ƙarin jini da na ƙashi, har iyakar rayuwarsa. Baƙin shayi yana rage wa jiki amfana da maganin ƙarin jini, don haka kada a haɗa su lokaci guda. In ya koka da ciwon jiki, kada a aiki yaro kemis ya karɓo ibuprofen ko diclofenac, suna iya haifar masa da gyambon ciki. Jiƙo da tsimin masu yawo ma a ɗaga masa ƙafa.

Sai maganar baki, wadda ta fi damuna. A wurinmu ƙiba alamar hutu ce, rama kuwa abin tambaya. Mutumin nan zai zube cikin watanni, babbar rigarsa ta yi masa yawa, fatar damtse ta saki, gashi ma ya kan zuba tsakanin wata na 3 da na 6 kafin ya dawo. Nan da nan za ku ji ana raɗa a benci: ƙanjamau ne, sammu ne, karayar arziki ce. Ku ne kuka san gaskiya, domin ku ya faɗa wa don a gyara masa abinci. Amana ce. Kada ku yaɗa, kuma in an fara zancen a rumfarku ku kashe shi. Da ma yana fama da kewa: da shi ne mai tara abokai a kan tire ɗaya, yanzu kafin ya tauna loma biyu an suɗe. Wasu sukan daina zuwa cikin mutane saboda wannan. Ku zuba masa nasa a ƙaramin faranti, ku bar shi a cikin majalisa, ya yi minti 20 ko 30 yana taunawa ba tare da yaronku ya tsaya masa a ka yana jiran kwano ba.

Na san akwai lissafin ciniki. Ku yanka masa kuɗin kwata, ko ya biya kuɗin kifi da ƙwai a bar tuwon. Mai cin kaɗan sau biyar ko shida a wuni ba asara ba ne ga mai rumfa.

In azumi ya kama, likitoci da yawa suna ba da shawarar ya jinkirta na wasu watanni, wasu har shekara, kuma shari'a ta ba marar lafiya dama ya rama daga baya. Kada a kunyata shi in ya zo neman romo da rana. Wanda aka yarje wa ya ɗauka, kada a tare shi da ƙosai da kunu da lemo lokaci guda. Ya fara da ruwa kaɗan-kaɗan, ya yi salla, sannan ya ci.

In kuka ga amai ya ƙi tsayawa har ko ruwa ba ya zama, ko zazzaɓi da bugun zuciya da ciwon ciki mai tsanani, ko numfashi na gagara, ko baƙin bayan gida, wannan ya wuce rumfa. A sa shi a mota zuwa babban asibitin Igando ta hanyar LASU da Iba, ko asibitin LASUTH a Ikeja, ko na LUTH a Idi-Araba, tare da takardun aikinsa. Wanda ya raka shi ya faɗa wa likitan farko irin tiyatar da aka yi da ranar da aka yi ta.

Wassalam.

Ɗanku kuma ɗan'uwanku, daga Ojo.