Ana auna Linjila kamar yadda ake auna mai ba da shaida



Kwanakin nan bidiyon muhawarar addini ya cika wayoyinmu. Wani ya ce Linjilar da ke hannun Kirista ƙage ce daga farko har ƙarshe, wani ya ce ko wasali ɗaya ba a taɓa ba. Mafi yawan masu turo wannan a WhatsApp ba su taɓa buɗe littafin ba, alhali da Hausa yake tun 1932. Ni a ganina duka ɓangarorin biyu sun yi gaggawa. Tsohon littafi ana auna shi ne kamar mai ba da shaida a gaban alƙali: a saurari maganarsa, a ga ko ya san wurin da yake faɗi, a ga ko yana ɓoye abin da zai kunyata shi.

Mu ma an auna tarihinmu da wannan mudu. A watan Janairu na 1851 Bajamushe Heinrich Barth ya ratsa Damargu, kuma a Tagelel ya rabu da abokin tafiyarsa Richardson, wanda ya nufi Damagaram. Masana sun yarda da littafin Barth don ya ambaci garuruwa da sarakuna da hanyoyin ayari daidai. Wanda bai taka ƙasar ba, ai da wuya ya jera su haka.

To, mu gwada Linjila. Na farko, sunaye. A sura ta 3 Luka ya ɗaure labarinsa da shekara ta 15 ta mulkin Kaisar Tibariyas, ya ambaci Bilatus da Hirudus. A 1961 masu haƙar kayan tarihi suka tono dutse a Kaisariya ɗauke da sunan Bilatus da muƙaminsa. A Ayyukan Manzanni sura ta 18 an kai Bulus gaban gwamna Galiyo, kuma wani rubutu a kan dutse a Delfi ta ƙasar Girka ya nuna Galiyo ya riƙe kujerar wajen shekara ta 51 zuwa 52.

Na biyu, abin kunya. Linjilu huɗun nan duka sun ba da labarin Bitrus, babban almajiri, yana musun sanin ubangidansa har sau uku. Duka huɗun sun ce mata ne suka fara zuwa kabari, a zamanin da marubucin Yahudawa Yusufus ya ce ba a karɓar shaidar mace. Mai ƙirƙirar labari don ya ja mabiya, da dattawa maza zai sa a gaba, ya kuma wanke shugabansa.

Na uku, haɗuwar da ba a shirya ba. A Yohanna sura ta 6, da taro ya ji yunwa, Filibus aka tambaya inda za a sayi abinci, ba a faɗi dalili ba. Luka ne, a sura ta 9, ya ce abin ya faru a wajen Betsaida, shi kuma Yohanna tun sura ta 1 ya ce Filibus ɗan Betsaida ne. Baƙo ya zo kasuwar Tanut, wa zai tambaya inda ake sayar da hatsi in ba ɗan gari ba?

Amma fa ƴan uwa Kirista su ma kada su ɗora wa wannan hujja kayan da ba za ta iya ɗauka ba. Ayoyin ƙarshe na Markus, 16:9 zuwa 20, babu su a tsofaffin kwafi biyu na ƙarni na 4, kuma malaman Kirista da kansu suke rubuta hakan a gefen shafi. Ƙidayar Kiriniyus da Luka ya ambata, tarihi ya san ta a shekara ta 6, bayan mutuwar Hirudus Babba da kusan shekara goma, har yau ana ta gardama a kai. Abin da wannan awo yake nunawa shi ne marubutan sun san ƙasar da zamanin. Maganar gicciye da matsayin Annabi Isa (AS), wadda Alƙur'ani da Linjila suka saɓa a kai, dutse ba zai yanke ta ba. Wannan sha'anin imani ne, kowa da nasa.

Me ya sa nake damun ku da wannan? Ba mu manta 16 ga Janairu na 2015 ba, ranar da aka ƙone coci-coci a Damagaram, washegari a Yamai, aka yi asarar rayuka saboda zanen da wasu suka yi can Faransa. Waɗanda aka ƙona wa ɗakin ibada ƴan Nijar ne, maƙwabtanmu. Yaron da aka koya wa cewa littafin maƙwabcinsa shara ne, ba wuya a miƙa masa ashana.

Malaman hadisi sun bar mana ilimin duba isnadi da matani kafin a yanke hukunci. Mu yi aiki da shi. Kafin ka tura bidiyo, tambayi mai maganar sura da aya, ka duba da idonka. In ka ƙi yarda, ka ƙi bisa sani.

Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka, amin.