"Kun Riƙe?" Tambayar Da Ke Ruɗin Mu A Aji

'Yan'uwa, a azuzuwanmu na yaƙi da jahilci, da makarantar Lahadi, da inda muke koya wa yara harshen iyayensu, akwai al'adar da ya kamata mu sake dubawa. Malami yakan rubuta kalmomi a allo, a maimaita su da murya ɗaya sau biyar ko goma, sa'an nan ya ce, "Kun riƙe?" Kowa ya amsa, "Mun riƙe!" Mako mai zuwa rabin kalmomin sun gudu. Masu amsawar ba ƙarya suka yi ba. Sun gaskata abin da suka faɗa, amma zuciyar mutum ba ta iya auna abin da za ta tuna gobe yayin da amsar take gaban idonsa. Gani ba ci ba ne.

Masana sun gwada wannan. A shekara ta 2008, Jeffrey Karpicke da Henry Roediger a Amurka sun ba ɗalibai kalmomi 40 na harshen Swahili tare da ma'anarsu a Turanci. Waɗansu an ci gaba da yi musu tambaya a kan kowace kalma ko bayan sun amsa ta daidai. Waɗansu kuwa, da zarar sun ci kalma sau ɗaya, sai a daina tambayarsu ita. Da aka ce su faɗi yawan da za su tuna bayan mako ɗaya, dukansu suka ce wajen rabi. Da makon ya cika, waɗanda aka riƙa tambaya suka tuna wajen kashi 80 cikin ɗari, sauran kuwa kashi ɗaya cikin uku kawai. Ƙarin karanta kalmomin bai taimake su ba, kuma hasashensu bai nuna wannan bambanci ba.

A wannan shekarar kuma Matthew Rhodes da Alan Castel sun nuna wa mutane kalmomi, waɗansu da manyan haruffa, waɗansu da ƙanana. Mutanen suka ɗauka za su fi tuna masu manyan haruffa, amma da aka gwada su, kusan ɗaya ne. Girman haruffan ne ya ruɗe su, suka zaci sun haddace.

Akwai magani, kuma ba ya bukatar kuɗi. Tun a 1991 Thomas Nelson da John Dunlosky suka gano cewa idan mutum ya dakata kaɗan bayan karatu, ya dubi kalmar ba tare da ma'anarta ba, sa'an nan ya auna kansa, hukuncinsa yakan yi daidai ƙwarai. Dalili shi ne dole ya nemo amsar daga kansa, ya ga ko tana nan.

Wani zai ce tambaya tana kunyata mutane, musamman iyayenmu mata da dattawa da suka zo aji da furfura. Gaskiya ne, kuma ba ma so kowa ya bar aji saboda dariya. Amma ana iya yin tambaya ba tare da tsai da mutum a gaban jama'a ba. A zaunar da su biyu biyu, ɗaya ya faɗi kalma, ɗaya ya ba da ma'ana. Wanda ya kasa, a faɗa masa amsar nan take, a sake tambayarsa kafin a tashi. Maimaitawa da murya ɗaya tana da amfaninta wajen gyara lafazi, sai dai kada mu mai da ita ma'aunin hadda, gama mai rauni yakan ɓuya cikin muryar masu ƙarfi.

Saboda haka muna roƙon malamai da dattawa abu uku. A share allo kafin a yi tambaya. A fara kowane aji da kalmomin makon jiya. Kada a ajiye kalma don an amsa ta daidai sau ɗaya. Iyaye kuma, idan yaro ya ce ya gama karatu, ku karɓi littafin ku tambaye shi bayan abincin dare, ku sake tambayarsa da safe.

Wanda ya sha wuya kafin ya tuna kalma, kada ya ce kansa ya tsufa. Wahalar nan ita ce take kafa kalmar. Allah ya ba mu haƙuri da juna cikin wannan aiki.