Maƙaryacin Da Ya Riga Kowa Zuwa Wata

A duk lokacin da aka yi zancen labaran ƙage na kimiyya, watau irin waɗanda ake tafiya sararin samaniya a sadu da wasu halittu, mutane da yawa sukan ɗauka abu ne da Turawan zamanin nan suka ƙago. To, amma asalin abin ya girmi injin jirgi da ɗaruruwan shekaru, kuma wanda ya fara shi ba malamin kimiyya ba ne, mashahurin mai ba'a ne.

Sunansa Lusiyan, an haife shi wajen shekara ta 125 bayan haihuwar Annabi Isa, a garin Samosata da ke bakin kogin Furatu, cikin ƙasar Turkiyya ta yau. Da harshen Girka ya rubuta littafinsa wanda ya sa wa suna Labarin Gaskiya, alhali tun daga gabatarwa ya shaida wa mai karatu cewa duk abin da ke ciki ƙarya ce. Abin da ya dame shi kuwa shi ne marubutan tarihi da matafiya da ke zuwa da labaran ƙanzon kurege suna rantsuwa sun gani da idonsu. Sai ya ƙudura ya fi su ƙarya don ya kunyata su.

A cikin labarin, guguwa ta ɗauki jirgin ruwansu kwana 7 tana tafiya da shi sama, har ta dire su a Wata. Suka tarar Sarkin Wata da Sarkin Rana suna shirin yaƙi a kan wanda zai kafa mulkin mallaka a tauraron Gamzaki. Mayaƙa na hawan ungulaye da ƙuma masu girman gaske, gizo-gizo kuma ya saƙa musu fagen fama a sarari. Da mutanen Rana suka yi galaba, sai suka gina katangar gajimare suka tare wa Wata haske. Kai, har da cewa babu mata a can, maza ke haihuwa ta sha-raɓa! Daga baya ya ce ya ga Hirodotus, wanda ake kira uban tarihi, ana azabtar da shi a wani tsibiri saboda ƙarya.

Bahaushen da ya karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934 bayan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya, ba zai ji wannan salo baƙo ba. Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman suna yawon duniya suna yi wa juna tsiya, ana dariya, amma a ƙarƙashin dariyar ana zungurar malaman tsibbu da alƙalai masu son abin hannun mutane. Bambancin kawai, su aljannu ke kai su inda ƙafa ba ta kaiwa, shi kuwa Lusiyan guguwa ce ta kai shi.

Wanda ya ƙarasa tafiyar a Hausa shi ne Umaru Dembo, da littafinsa Tauraruwa Mai Wutsiya na 1969, shekarar da Amurkawa suka taka Wata. A nan Kolin Koliyo ne ya ɗauki yaro Kilba ya kai shi yawon sararin sama. Littafi ne ƙarami, kuma ba a ba shi girman da ya cancanta ba. Malaman Hausa a makarantun Abuja sun fi kowa hujjar ɗaukar sa, tun da a birninsu hedkwatar hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa take, wadda aka kafa a 1999.

Akwai wani abu guda a littafin Lusiyan da ya kamata ma'aikatan wannan hukuma su sani. Ya ce a fadar Sarkin Wata akwai wani madubi a bisa rijiya, wanda in mutum ya duba zai ga kowane gari da kowace al'umma ta duniya kamar yana tsaye a kansu. Shi don a yi dariya ya faɗa. A watan Satumba na 2003 aka harba NigeriaSat-1 daga ƙasar Rasha, aikinsa kuwa a wancan lokacin shi ne ɗaukar hoton ƙasa daga sama yana aikowa tashar da take kula da shi a Abuja.