Baƙuwar da ta zauna daram a ƙasar Sin

Masu iya magana sun ce baƙo raɓa ne. Amma Malama Isabel Crook, 'yar mutanen Kanada wadda aka haifa a Chengdu a 1915, a birnin Beijing ajali ya same ta a 2023, tana da shekara 107. Daga 1948 ita da mijinta David suka shiga koyar da Turanci, har ƙasar Sin ta sami jakadu da yawa daga cikin almajiransu.

Duk da haka, a 1967 aka tuhumi mijin da leƙen asiri, ya yi fiye da shekara 5 a kurkuku, ita ma aka tsare ta shekara 3. Da aka sake shi a 1973, Firayim Minista Zhou Enlai ya ba su haƙuri, suka koma ga almajiransu. A 2019 Shugaba Xi Jinping ya rataya mata lambar abota.

Watau hukumar da ta ɗaure ita ce ta zo ta girmama, alhali zumuncin malami da almajiri bai yanke ba. Fataken da ke zuwa Guangzhou sai su lura: izinin zama a hannun hukuma yake, amma amana tana wurin mutanen da aka yi zaman mutunci da su.