Ma'aunin Ƙwazo: Tallafin Karatu da 'Ya'yan Bakin Tafkin Kainji

Gabatarwa

Kowace shekara idan sakamakon jarrabawar kammala sakandare ya fito, akan sami ɗalibai a ƙasar Yauri waɗanda suka ci darussa biyar ko fiye da kyakkyawan sakamako, har da Turanci da Lissafi, amma damina mai zuwa ta iske su a cikin kwale-kwale suna jan taru, ko a fadama suna dashen albasa, ko kuma a bakin ramin haƙar zinariya. Abin da ya tsayar da su bai wuce kuɗin rajista da na mota da na ɗakin kwana ba. Irin waɗannan yara ne ya kamata a fara tunawa da su duk lokacin da ake maganar tallafin karatu na ƙwazo, wato kuɗin da gwamnatin jiha ke ware wa ɗaliban da suka yi fice domin su wuce jami'a ko kwalejin ilimi ko kwalejin kimiyya da fasaha. Babu shakka yabon gwani ya zama dole. Sai dai ra'ayin wannan rubutu shi ne, matuƙar da mudu ɗaya za a auna ɗan babban birni da ɗan bakin tafki, to tallafin zai riƙa komawa hannun waɗanda dama suna da halin yin karatun. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a auna ƙwazon kowane ɗalibi da na abokan karatunsa da suka zauna aji ɗaya, suka sha wahala iri ɗaya.

Ire-iren Tallafin Karatu

Yana da kyau a bambance abubuwa uku da jama'a kan haɗa su wuri guda. Na farko shi ne tallafin gama-gari, wanda hukumomin tallafin karatu na jihohi, har da ta Jihar Kebbi, suka saba bai wa ɗan asalin jiha da ya riga ya sami gurbi a babbar makaranta. Na biyu shi ne bashin karatu, irin wanda Gwamnatin Tarayya ta fara bayarwa a shekarar 2024 ta hannun asusun NELFUND, wanda ɗalibi zai biya bayan ya kammala ya fara samun abin hannunsa. Na uku shi ne tallafin ƙwazo, wanda kyauta ce da ake bai wa zaɓaɓɓu saboda ficen da suka yi. Na farkon yakan zo ne bayan yaro ya riga ya shiga makaranta, don haka ba ya amfanar wanda ya kasa kai kansa bakin ƙofa. Na biyun kuwa bashi ne, kuma talakan karkara yana da dalilinsa na jin tsoron bashi, ko da marar ruwa ne. Na ukun ne kaɗai zai iya zuwa har gida ya ɗauko yaro, in an tsara shi da kyau.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun da aka buɗe Kwalejin Katsina a shekarar 1922, daga makarantun larduna ake tsamo yara masu hazaƙa a tura su can da kuɗin hukuma. Ta wannan hanya ce Sa Ahmadu Bello da Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, kuma dukkansu da aikin malanta suka fara. 

Halin da Ɗalibin Bakin Tafki Yake Ciki

Masarautar Yauri ta ƙunshi ƙananan hukumomi 3 daga cikin 21 na Jihar Kebbi, wato Yauri da Ngaski da Shanga. Lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a shekarar 1968, ruwa ya mamaye gungaye da gonaki da garuruwa, aka tayar da mutane fiye da 40,000 daga matsugunansu a ƙasashen Yauri da Borgu. Gungawa da Kambari da sauran mazauna gaɓar Kwara sun ba da ƙasar kakanninsu domin Nijeriya ta sami wutar lantarki. Jikokinsu ne a yau suke neman a buɗe musu ƙofar manyan makarantu, kuma wannan kaɗai ya isa hujjar a dube su da idon rahama.

Yaron da ya tashi a wani ƙauye na yankin Libata ko Zamare ko Dugu, sau da yawa harshensa na farko Gunganci ne ko Kambarci ko Shanganci. A kasuwa da makarantar allo yake ƙwarewa da Hausa, sannan ya tarar da Turanci a matsayin harshe na uku, kuma da shi za a yi masa jarrabawar kimiyya da lissafi. Lokacin kamun kifi da na girbin shinkafa da albasa iyaye na buƙatar hannunsa. In ruwa ya cika, zuwa makaranta kan zama sai da kwale-kwale, kuma mutanen yankin ba su manta da jirgin ruwan da ya kife a kusa da Wara a watan Mayu na shekarar 2021 ba, inda aka yi asarar rayuka masu yawa. Bayan makonni kaɗan, ranar 17 ga Yuni 2021, 'yan bindiga suka auka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka sace ɗalibai da malamai, wasu daga cikin 'yan matan ba su dawo gida ba sai a shekarar 2023. Bayan irin wannan tashin hankali, uban da ya bar ɗiyarsa ta ci gaba da zuwa makaranta ya yi jarunta, ita ma ɗiyar ta yi.

Har wa yau, tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta ta shiga manyan makarantu kacokan kan kwamfuta. Ɗalibin da bai taɓa dafa kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, zai zauna kusa da wanda ya girma da ita a ɗakin mahaifinsa, a ba su lokaci ɗaya. A ƙaddara na farkon ya sami maki 230 cikin 400, na biyun ya sami 260. A bisa takarda na biyu ne gwani. Amma duk malamin da ya san inda kowannensu ya fito, ya san wanda ya fi yin tafiya mai nisa kafin ya iso wurin.

Darasi Daga Wasu Ƙasashe

Jihar Jojiya ta ƙasar Amurka ta fara wani shahararren tallafin ƙwazo mai suna HOPE a shekarar 1993, wanda ake bai wa ɗalibin da ya kammala sakandare da sakamako mai kyau, in zai yi karatu a cikin jihar. Da farko an yi iyaka ga yawan samun iyayen da 'ya'yansu za su amfana, amma a shekarar 1995 aka cire iyakar. Shirin ya taimaka wajen riƙe haziƙan ɗalibai a gida, sai dai babban sukar da aka daɗe ana yi masa shi ne, kaso mai tsoka na kuɗin yana tafiya ne ga 'ya'yan masu hali, waɗanda ko babu tallafin za su shiga jami'a. Ita kuwa jihar Tekzas, a shekarar 1997 ta kafa dokar da ta ba da gurbin jami'ar jiha ga duk ɗalibin da ya shiga cikin kashi 10 bisa 100 na sama a makarantarsa, ko makarantar ta birni ce ko ta ƙauye. Dokar ta shafi gurbin karatu ne, amma hikimar da ke cikinta ta dace da rabon tallafi: gwanin kowace makaranta gwani ne.

Ita kanta Nijeriya ta yarda da wannan hikima a tsakanin jihohi. A ƙa'idar ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya, kashi 45 bisa 100 na cancanta ne zalla, kashi 35 na yankin da jami'a take, kashi 20 kuma na jihohin da aka bari a baya a fagen ilimin zamani, kuma Kebbi na cikinsu. Jihar da take cin moriyar wannan sassauci a matakin ƙasa, bai kamata ta hana ƙauyukanta irinsa a cikin gida ba.

Yadda Ya Kamata a Tsara

Da farko, a raba guraben tallafin gida biyu. Kaso ɗaya a bar shi ga waɗanda suka fi kowa maki a faɗin jiha, ko daga ina suka fito. Kaso na biyu, wanda ya kamata ya fi yawa, a raba shi makaranta makaranta, ta yadda na ɗaya da na biyu a kowace sakandaren gwamnati, namiji da mace, za su san tun suna aji huɗu cewa gurbi na jiransu. Na biyu, tallafin ya fara tun kafin shiga makaranta, ya ɗauki kuɗin fom da na zuwa cibiyar jarrabawa da na rajistar farko, domin a nan ne akasarin 'ya'yan talakawa suke faɗuwa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Na uku, a biya a kan lokaci, don alƙawari kaya ne, kuma kuɗin da ya zo bayan an rufe rajista bai yi maganin komai ba. Na huɗu, a liƙa sunayen waɗanda suka samu da makinsu a allon kowace makaranta da sakatariyar ƙaramar hukuma, a kuma karanta a rediyo, saboda sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na biyar, kada a taƙaita tallafin ga masu karatun likita da injiniya. Ɗalibin da ya zaɓi Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu domin ya sami takardar NCE ya cancanci girmamawa daidai da wanda ya nufi jami'ar jiha ta Aliero ko Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi. In aka haɗa da yarjejeniyar dawowa gida a yi aiki na wasu shekaru, makarantun bakin tafki za su sami malaman kimiyya 'yan ƙasa masu jin harshen yara, waɗanda ba za su nemi canjin wurin aiki da zarar damina ta faɗi ba.

Hujjar Masu Suka

Akwai masu ganin cewa wannan tsari zai zubar da darajar ƙwazo, tunda mai maki 260 a birni zai iya rasawa alhali mai 230 a ƙauye ya samu. Wannan magana tana da nauyi, shi ya sa aka bar kaso na farko a buɗe ga kowa, kuma wajibi ne a sa mafi ƙarancin sakamakon da ba za a sauka ƙasa da shi ba, wato darussa biyar da makin da makarantar da yaro zai shiga ta amince da shi. Wasu kuma na cewa gara a zuba kuɗin a gyaran firamare da sakandare. Gyaran tushe wajibi ne, amma aiki ne na shekaru, kuma yaron da ya gama bana ba zai tsaya yana jira ba. Bugu da ƙari, yaro ɗaya da ya fita daga ƙauye ya dawo da digiri yakan ja ƙannensa goma zuwa aji fiye da yadda kowace irin shela za ta ja su. Akwai kuma fargabar cewa masu hali za su riƙa mayar da 'ya'yansu makarantun ƙauye a shekarar ƙarshe don su kwashe guraben. Maganin wannan shi ne a shardanta cewa sai ɗalibin da ya yi shekaru ukun babbar sakandare a makarantar.

Nauyin da ke Kan Malami

Duk wannan tsari a wuyan malami ya rataya. Shi ne ya san yarinyar da ke warware lissafi kafin a gama rubuta shi a allo, da yaron da ke fashin makaranta ranar kasuwa don ya sayar da kifi. Shi ne ke riƙe da littafin maki, kuma ranar da ya ƙara wa ɗan mai gari maki biyar don kunya ko don kwaɗayi, ya ƙwace wa wani maraya karatunsa. Shi ne zai je gida ya zauna da uba ya fahimtar da shi, ya taya ɗalibi cika fom, ya tuna masa ranar rufewa. Malami mai taimaka wa ɗalibai satar amsa kuwa, ya ɓata mudun da za a auna kowa da shi.

Kammalawa

Ƙasar Yauri ta san darajar ilimi, domin Mai Martaba Sarkin Yauri, Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi, ya shugabanci Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato kafin ya hau gadon sarauta. Basira ba ta taɓa yin ƙaranci a gungaye da tungayen Kwara ba, abin da ya yi ƙaranci shi ne hanyar fitar da ita. Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙiro a shekarar 1991, tana da manyan makarantun da za su karɓi waɗannan yara. Abin da ya rage shi ne hukuma ta ware wa kowace makaranta kasonta, ta biya a kan kari, malamai kuma su riƙe amanar littafin maki, domin gwanin Wara da gwanar Shanga su shiga aji ɗaya da gwanayen Birnin Kebbi.